Ciwon kumburin hanji: wane tsarin abinci ya cancanci kuɗinka?

Tun da aka tabbatar ƙanwata na da cutar Crohn's, wani nau'in ciwon kumburin hanji mai daɗewa, 'yan uwa ke ta turo min tallan azumin da wai yake warkar da hanji. Na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin mu kashe ko sisi.

Wanda ya fi tashe shi ne abincin kwaikwayon azumi na Valter Longo, masani a Amurka, da ake sayarwa a kwali da sunan ProLon. Kwana 5 ake yi a wata, kalori 1,100 ranar farko, sauran ranakun wajen 800. A 2019 an ga ya rage kumburin hanji a jikin ɓeraye, daga baya gwajin Jami'ar Stanford kan mutum 97 masu Crohn's marar tsanani ya nuna kusan biyu bisa uku na waɗanda suka bi tsarin sun samu sauƙi. Amma fa ba su ajiye maganinsu ba, kuma da dala ake sayen kwalin. Yarinyar da kullum sai ta ƙara ɗaure zani saboda rama, ban yarda a rage mata abinci ba.

Azumin Litinin da Alhamis ibada ce mai lada, sai dai mai zawo da jini rashin ruwa zai ƙara kayar da shi.

Mai hujja mafi ƙarfi, musamman ga yara masu Crohn's, ita ce madarar asibiti zalla irin su Modulen, mako 6 zuwa 8 ba a haɗa ta da komai sai ruwa. Tana aiki, amma akwai tsada, akwai wuya. Kowa na gaban tuwo da miyar kuka, ita tana riƙe da kofi. Ga mai gyambon babban hanji kuwa, ba ta cika amfani ba.

Mu mun tsaya kan CDED, tsarin abincin masu Crohn's da ke cire wasu nau'ukan abinci, bisa shawarar likitanta: rabin abincin madarar, rabi ƙirjin kaza, ƙwai, ayaba, tuffa, shinkafa da dafaffen dankalin turawa da aka bari ya huce. Ban da burodi da kayan gwangwani. Dankalin Bokkos kuwa ga shi tuli a kasuwar Farin Gada da ke Jos.

Kuɗin farko dai na gwaji ne. Atini da tarin fuka na hanji suna kama da wannan ciwo sosai, kuma prednisolone, maganin rage kumburi da ake ba masu Crohn's, na iya ta'azzara su. Je JUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ka nemi likitan hanji, a leƙa da na'ura a ɗebo ɗan nama a auna tukuna.