Dandalin Samaru ko fim a waya?

Fim a waya yana da sauƙi: kana kishingiɗe, ka tsayar, ka mayar baya, in dai akwai caji da data. Amma ni kam a ba ni dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ginin ƙasa irin na Hausa da aka yi tun shekarun 1970. Can ɗalibai ke wasa a gabanka, kana jin numfashinsu, kana ganin gumi na tsiyaya a goshi, ganga na dukan ƙirjinka. In sun kuskure, babu yankewa a sake ɗauka, shi ya sa suke shan atisaye. Dariya ma ta ɗaruruwan mutane ce lokaci guda. Sai dai da dare a tafi da rigar sanyi lokacin hunturu.