Wace antibodi mai ƙyalli za ka saya don ganin GFP?

Duk wanda ya taɓa busar da ƙwayoyin halitta da methanol ya san takaicin: ka leƙa madubin ƙara girma, koren GFP, wato furotin mai ƙyallin kore da ake yi wa ƙwayoyin halitta alama da shi, ya dusashe kamar ba a saka shi ba. Furotin ɗin nan da Osamu Shimomura ya fitar daga halittar teku Aequorea victoria a 1962 ba kowane irin wanki yake jurewa ba. Shi ya sa ake neman antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ke manne wa GFP, mai ɗauke da rini, ta farfaɗo da hasken.

Ni dai nanobodi nake saya, wato 'yar ƙaramar antibodi, musamman GFP-Booster ta kamfanin ChromoTek. Asalinta daga alfaka ne, 'yar'uwar raƙumi. Nauyinta kusan kilodalton 15, ita kuwa antibodi ta gama-gari 150 ce, don haka tana kutsawa cikin yankan nama mai kauri, rinin ya zauna dab da furotin, hoto ya fito tsaf. Sau ɗaya za ka zuba ta, ba jiran antibodi ta biyu da za ta kawo rini. Abin da ya fi kwantar mini da hankali, kwalbar bana daidai take da ta bara. Tana da tsada, amma ba na tsaki idan na biya.

Antibodi ta zomo mai rinin Alexa Fluor 488 ba laifi, sai dai wannan zubi na kamfani kan bambanta da wancan. Mai rinin FITC kuwa ka bar ta, koɗewa take tun kafin ka gama ɗaukar hoto.

Idan naman da kansa yana walƙiya da kore, ɗauki mai rinin Alexa Fluor 647, wanda haskensa ja ne. Ka kuma tuna antibodin GFP tana kama 'yan'uwansa YFP da CFP, ba ta kama furotin masu ƙyalli na wani asali kamar mCherry ko mNeonGreen.

Sai batun 'yan damfara. Wani dillali ya taɓa kawo mini kwalba mai lakabi kyakkyawa, ƙanƙarar kwalin ta narke tuni, farashi rabin na kowa. Wata biyu ina zargin hannuna, ashe da ruwa aka tsinka ta. Yanzu kafin in biya sai na ga lambar zubi a kwalba ta dace da ta takardar shaida, na kuma tambayi kamfanin ko sun san dillalin. Kwalin da ya iso da ɗumi, ko kwalbar da aka bari a haske, ba na karɓa. Ranar da ta iso kuma sai na gwada ta a kan ƙwayoyin da ba su da GFP. Idan suka haska, mayar da ita nake yi.