Fulogi ne ko iyakilina? Amsa ga mai Peugeot 504

Wani ɗan uwa a zauren nan ya yi tambaya a kan 504 da ya gada wajen mahaifinsa. Ya ce sau biyu ke nan yana sauya fulogi cikin wata guda, kwana kaɗan sai su sake yin baƙi, motar tana shan mai, in ya ɗauki hanyar Kaduna kuma ba ta ja. Wani bakanike ya ce masa iyakilina ce, wato matatar iskar da ke shiga inji, wani ya ce sai an sauke inji. Yana son ya san yadda zai bambance.

Malam, kafin kowa ya taɓa maka inji, ka bari motar ta huce, ka kwance fulogin nan huɗu ka jera su a kan kwali yadda suke a jikin inji, kada ka gauraya. Na ce ta huce ne saboda hedin 504 na alminiyon ne, in ka murɗa da zafi kana iya cinye zaren. Abu biyu za ka duba: guda nawa ne suka yi baƙi, sannan baƙin busasshe ne ko mai danshi.

In duk huɗun sun yi baƙi ƙirin, ka shafa da yatsa ka ga gari kamar kunkunniyar gindin tukunya, to fetur ne ya yi wa iska yawa. Abin da zai ɓata huɗu lokaci guda kuwa abu ne da suka yi tarayya a kansa, wato iyakilina ko kafireta. Kafireta ba ta da kwamfutar da za ta rage mai in iska ta ragu. Da zarar ƙura ta toshe iyakilina, inji yana zuƙa, iskar ba ta wadatar ba, sai ya riƙa janyo fetur fiye da kima. Alamarta a hanya ita ce wadda ka faɗa: a silo mota lafiya lau, kana zagaya Tudun Wada ba ka jin komai, amma ka hau babban titi ka taka totur sai ta yi nauyi kamar an ɗaure ta, salansa na fitar da baƙin hayaƙi mai warin fetur.

Fulogin da ya mutu don kansa ba haka yake ba. Yawanci ɗaya ne zai bambanta da 'yan uwansa. Motar tana rawa tun tana tsaye, sitiyari da sandar giya suna karkarwa, da safe ta wahalar da kai kafin ta tashi, in ka taka kuma ta riƙa fizga, abin da bakanikai ke cewa tana misin. Gwajinsa ba ya cin ko kwabo. Ka bar ta a silo, ka riƙa zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba. Wadda ka zare sautin inji bai canza ba, nan ne ba ya aiki. Sai ka musanya fulogin da na kusa da shi. In matsalar ta bi fulogin, shi ne. In ta tsaya a wurin, ka duba waya da murfin da wayoyin ke fitowa, don yakan tsage.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne danshi. Baƙi mai maiƙo, mai kama yatsa, tare da shuɗin hayaƙi, baƙin mai ne ke shiga inda bai kamata ba, ko ta ringin fistin ko ta wajen bawul. Wannan ne kaɗai zai sa a fara maganar buɗe inji, kuma ko shi sai an auna ƙarfin matsin kowane silinda. A 504 ma akwai abin da ke ruɗa mutane: fulogin suna zaune ne can ƙasan dogayen bututu, in robar bakin bututun ta mutu sai mai ya taru a ciki, kana zaro fulogi ya jiƙe. Ka duba da kyau, in man a jikin farin tangaran yake da wajen sifana, bakin kuma a bushe, roba ce kawai.

Ni kaina na taɓa barin jaki ina dukan taiki. Wata shekara da hunturu, hazo ya rufe gari har daga Kwangila a Zariya ba ka hango nesa, na sayi fulogi sau uku. Ranar da na buɗe murfin iyakilina, na ɗaga takardar tace iskar sama ina kallon rana, ko ɗigon haske bai ratsa ba. Na buga ta a taya, jar ƙasa ta zubo kamar an juye gwangwani. Na sa sabuwa, na goge tsofaffin fulogin da burushin ƙarfe, motar ta dawo hayyacinta. Motocin nan da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975 suna da juriya, amma ƙurar Disamba da Janairu ba ta raga musu.

Masu kunkuru, wato tsohuwar Volkswagen, su iyakilinarsu mai kwanon baƙin mai ce. Ba sauyawa ake yi ba, ana zubar da man da ya zama laka, a wanke da kalanzir, a zuba sabo daidai layin da aka yi alama. In aka cika shi ya wuce layi, inji zai zuƙe shi, fulogi su jiƙe da mai, mutum ya ɗauka ringi ne ya mutu.

A bayaninka, Malam, sabon fulogi yana baƙi cikin kwanaki kuma ƙarfi na ɓacewa a babban titi, zuciyata ta fi karkata ga iyakilina. Ka cire ta ka ɗan gwada motar na mintuna kaɗan a kan kwalta inda babu ƙura, ka ji ko ta sake. Kada ka bar ta haka, ƙasar da za ta shiga ita ce za ta cinye ringin da kake tsoro. In ka sa sabuwa baƙin bai daina ba, ka duba cok, wato marfin da ke rage iska don tayar da inji mai sanyi, ko yana maƙalewa a rufe, sannan a duba ko kafireta na ambaliya. Ratar bakin fulogi kuma ka sa a auna ta da ma'auni, milimita 0.6 zuwa 0.7, ba da ido ba. Bayan mako guda ka sake zaro su. In sun koma ruwan ƙasa-ƙasa, launin busasshen kara, an dace. Ka turo mana hoton huɗun a jere mu gani.