Google Docs ko Word: wanne ya fi wajen bin sawun gyara?

Wa alaikumus salam, Malam. Tunda ku bakwai ne ke sa hannu a rubutun mujallar ƙungiyarku kafin a kai ɗab'i, Google Docs za ka ɗauka. Shi nake aiki da shi, kuma shi ya fi kwantar min da hankali.

Fayil ɗaya ne tak, kowa a kansa yake aiki. Wajen rabawa, ka ba marubuta izinin Commenter, kai da edita kaɗai ku riƙe Editor. Mai Commenter ba zai iya goge ko harafi ɗaya ba. Duk abin da ya rubuta shawara ce, za ta fito da launi, abin da yake so a cire kuma a ja masa layi, ga sunansa da lokaci a gefe. In ka yarda ka karɓa, in ba ka yarda ba ka ƙi. Ku masu Editor ma ku danna fensirin da ke sama ta dama ku koma Suggesting, wato yanayin ba da shawara, don in ba haka ba gyaranku zai shige shiru, ba mai lura sai an tono tarihi.

Tarihin nan shi ne babban alherinsa. A kwamfuta ka shiga File, sai Version history, za ka ga wa ya taɓa me, ranar yaushe, ƙarfe nawa. Ka riƙa sa wa muhimman matakai suna, kamar "kafin edita" da "na ɗab'i". Ana iya sa wa har 40 suna a fayil guda. Ko an share shafi biyu bisa kuskure, dawo da na jiya bai fi minti ɗaya ba.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne a buɗe fayil ga duk mai mahaɗinsa (link), da izinin Editor, a jefa a WhatsApp. Sai mutane su riƙa shigowa ba suna, a yi ɓarna a rasa wa za a tambaya. Ka saka kowa da adireshinsa na Gmail.

Word kuwa, Track Changes ɗinsa, wato tsarinsa na bin sawun gyara, yana aiki, kuma ya fi dacewa idan babu intanet. Amma muddin turawa juna fayil kuke yi, kafin mako ya ƙare kuna da kwafi biyar, kowanne sunansa "na ƙarshe". Sannan zaɓin No Markup da ke cikin Word ɓoye gyara kawai yake yi, ba ya cire shi. Sai ka karɓa ko ka ƙi kowane gyara, ka goge sharhi, in ba haka ba mai ɗab'i zai karanta har gardamarku.

Wannan ya shafi Docs ma: shawarar da ba a yanke ba tana bin fayil idan ka sauke shi a matsayin Word. Don haka ka fara shiga Tools, sai Review suggested edits, ka tabbata babu saura. Bayan ka fitar da PDF, ka duba ɓ, ɗ da ƙ da idonka, domin wasu salon haruffa ba su da su.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu cewa za su sa maka Office (tarin manhajojin Microsoft da Word ke ciki) "na har abada" a kan kuɗi kaɗan. Yawanci fasasshe ne, wani lokaci da ƙwayar cuta a ciki, wata rana sai ya ƙi barin ka yi rubutu. Office 2016 da 2019 ma Microsoft ta daina kula da su tun 14 ga Oktoba, 2025. Docs kyauta ne da Gmail ɗinka, har da ma'ajiyar 15GB.