Hattara da mai man da ke “warkar da kowane ciwon fata” a Kaduna

Assalamu alaikum jama'ar Kaduna da kewaye. Akwai wani mutum da ke yawo da ƙaramar mota mai lasifika a kai, yau ka ji shi a bakin tashar Kawo, gobe a gefen Kasuwar Barci, ran Juma'a kuma ya kafa tebur nesa kaɗan da masallaci yana jiran a sallame. Yana da yaran da ke watsa bidiyonsa a TikTok da zaurukan WhatsApp na mata. Hajarsa iri biyu ce: man shafawa a farar roba marar rubutu, da wani baƙin ruwa na sha a tsohuwar gorar lemo. Ya ce cikin sati 2 za su kawar da albaras, kirci, amosanin kai, zubewar gashi da duk wani tabo da ya gagari asibiti. Naira 15,000 “saiti” ɗaya, in bai yi ba a dawo a karɓi kuɗi. A tasha Dakta ake ce masa, a waya Malam, asusun da ake tura kuɗin kuma sunan mace ne a kai. Ba shi kaɗai ke wannan sana'a ba, saboda haka salon nasa ya kamata a riƙe.

Jarinsa gaskiyar likita ce. Akwai cututtukan fata da har yau ilimin likitanci bai gama gano abin da ke tayar da su ba. An san akwai hannun gado, an san garkuwar jiki ce ke juyowa kan fatar mai ita, amma me ya sa wane ya kamu ƙanensa bai kamu ba, me ya sa ta tashi bana ba bara ba, wannan ana kan bincike. Likita mai tsoron Allah zai faɗa maka haka, ya ce za a iya lallaɓa ciwon ya lafa, amma ba zai yi maka alkawarin rabuwa da shi har abada ba. Mutum ya fito jiki a sanyaye. Yana isa bakin titi sai ya ji lasifika na cewa: “Sun ce ba su san dalili ba ko? Mu mun sani. Sanyi ne ya gauraya da dattin jini.” In ya ga alamar mai ciwon ya karkata wajen sammu, nan take dalilin ya koma jifa, farashin ma ya ƙaru. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

'Yar ƙanwar maiɗakina, budurwa ce a Rigasa, tana da wasu faci-faci masu kauri da ɓawo a gwiwar hannu da bayan kunne. Uwarta ta sayo man. Kwanakin farko kam abin mamaki, ƙaiƙayi ya tsaya, ɓawon ya zube, har aka ɗauki hoto aka tura masa, shi kuma ya sa a bidiyonsa ba tare da ya nemi izini ba. Ya ce a riƙa shafawa jiki duka safe da dare “don a kori ragowar”. Da tafiya ta yi tafiya sai fuskar yarinyar ta yi fari fat ta kumbura ta zama zagaye, ƙuraje suka feso a goshi da ƙirji, nankarwa ja mai faɗi ta tsage mata hammata da cinya, fatar bayan hannunta ta yi siririya har jijiyoyi na bayyana. Da robar ta ƙare, ciwon ya dawo ya fi na da yawa. Uwar ta kira shi a gabana.

“Malam, yarinyar nan fa jikinta ya rikice, abin har ya kai baya da ciki.”

“Alhamdu lillahi Hajiya, ai dafin ne ke fita. Yanzu ne za a shiga mataki na biyu. Ki turo 20,000.”

“To kuɗin da ka ce za a mayar in bai yi ba fa?”

“Hajiya, kin tabbata ba ta ci kifi ko ƙwai ba?”

Daga nan layin ya daina shiga. Wannan dogon jerin abincin da yake hanawa, kifi, ƙwai, nono, gyaɗa, kuɓewa, ƙofar gudu ce ya tanada tun ranar ciniki, don babu gidan da za a yi wata ba a taɓa ɗaya daga ciki ba.

Likitar fata da ta duba yarinyar ta ce ciwon asali soriyasis ne, sauran ɓarnar kuma aikin sinadarin sitiroyid mai ƙarfi ne da aka daɗe ana shafawa. Wani mai shayi kusa da inda motar ke tsayawa ya ba ni labarin yadda yaran mutumin ke matse ƙananan tub-tub na kemis cikin roba, su cakuɗa da man kaɗanya da turare. Irin waɗannan tub ɗin, in ka duba jikinsu, za ka ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Magunguna ne na gaske, likitoci na rubuta su, amma a ɗan wuri, na ɗan lokaci, ba a fuska ko matsematsi yadda aka ga dama ba. Suna danne kumburi da ƙaiƙayi ko mene ne sanadinsu, shi ya sa mai guda ke “aiki” a kan kowa a satin farko. In aka zarce, fata ta sirance, nankarwar da ta fito ba ta komawa, sinadarin ya ratsa cikin jini ya iya ɗaga sukari da hawan jini. Ga jarirai abin ya fi muni, domin fatarsu ta fi saurin tsotsewa, balle a ƙarƙashin kunzugu. Wasu masu haɗin kuma suna ƙara sinadaran bilicin, har da zaiba mai lalata ƙoda.

Abin da zai kare mutum shi ne ya san cewa waɗannan cututtuka ba ɗaya ba ne, ko da sun yi kama a ido.

Albaras, wanda likitoci ke kira bitiligo, farin tabo ne tas, sumul, babu ɓawo, galibi babu ƙaiƙayi. Ya fi son gefen baki da ido, yatsu, gwiwa da al'aura, kuma sau da yawa yakan fito dama da hagu a wuri iri ɗaya. Gashin wurin ma kan yi fari. Ƙwayoyin da ke samar da launin fata ne suka daina aiki a wurin. Kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da shi. Ba a ɗaukarsa ta musabaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko aure, kuma shan nono bayan cin kifi ba ya kawo shi. Akwai magani na shafawa da na haska wani irin haske a asibiti da ke dawo da launi ga wasu, musamman a fuska, amma aikin watanni ne. A 2022 ne ma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da man farko da aka keɓe don dawo da launin. Akan kuma duba maƙoshi, don ciwon na yawan tafiya da matsalar ƙullin nan na wuya mai sarrafa kuzarin jiki. Ranar 25 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar masu wannan lalura a duniya, kuma a Legas aka fara bikinta a 2011 da ƙoƙarin wata 'yar Najeriya mai ɗauke da ciwon, Ogo Maduewesi. Mai lasifika yakan ce a shafa wani haɗin a zauna a rana. Kada a yi. Farar fatar ba ta da kariya daga rana, kuma akwai tsirrai da ruwan lemon tsami da in suka haɗu da rana sukan ƙona fata har ta yi bororo.

Ga inda haɗarin ya fi girma: ba kowane tabo mai haske ne albaras ba. Idan tabon bai yi fari tas ba, ya ɗan koɗe ne ko ya yi ja-ja, kuma aka shafa auduga a kai mutum ido a rufe bai ji ba, to a yi maza a je a gwada kuturta. Ita sanadinta sananne ne tun 1873, ƙwayar cuta ce, tana warkewa da magani na wata 6 ko 12, kuma kyauta ake bayarwa. Muna da cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye, kusa da Zariya. Duk watan da aka ɓata ana shafa man roba, jijiyoyin hannu da ƙafa ne ke lalacewa, kuma abin da ya mutu a nan ba ya dawowa.

Ƙyasbi kuwa, mai ɗan gari-gari a ƙirji da baya lokacin zafi, naman gwari ne, maganinsa na nan da araha. Haka makero a kan yara, mai ɓawo da karyayyen gashi, sai dai shi maganin sha yake so na makonni. Sitiroyid na ƙara musu ƙarfi ne, ya kuma ɓoye kamanninsu har likita ya sha wuyar ganewa.

Soriyasis irin na 'yarmu, fata ce ke sabunta kanta cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda, sai ta taru ta yi kauri. A baƙar fata ba ja yake fitowa ba kamar a hotunan intanet, yakan yi duhu ne da ɓawo mai toka-toka, a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, fatar kai da ƙasan baya. Farce kan yi ƙananan ramuka, wasu kuma gaɓoɓinsu su riƙa ciwo. Yana lafawa yana tashi. Kirci na gado ya fi zama a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, da ƙaiƙayi mai hana barci, yana tsananta da hunturu, kuma sau da yawa akwai asma ko yawan atishawa a gidan. Rabin maganinsa man shafawa ne marar turare bayan wanka, da barin sabulu mai kaifi da goga soso da ƙarfi.

Akwai kuma iri biyu da 'yan damfara ke ƙauna, don sukan warke da kansu. Ɗaya shi ne gashi ya zube a zagaye, faɗin kwabo, wurin ya yi sumul a kai ko gemu. Da yawa gashin kan dawo cikin shekara ko ba a yi komai ba. Ɗayan kuma tabo guda ne mai ɗan faɗi ke fara fitowa, bayan sati 1 ko 2 ƙanana su bazu a baya da ƙirji, su ɓace cikin kamar wata 2. Waɗannan su ne yawancin “shaidun” da ake nunawa a bidiyo. Na biyun ma yana da kyau a gwada jini, don tunjere kan yi kama da shi.

In aka matsa wa mutumin da tambaya, sai ya zaro wata takarda mai hatimi ya ce NAFDAC ta san da shi. Lambar rajista a jikin kaya take zama, tare da sunan kamfani, adireshi, abin da ke ciki da ranar lalacewa, ba a takarda cikin aljihu ba. Ko maganin gargajiyar da hukumar ta ba lambar da ke ƙarewa da harafin L, ma'anarta an duba bai nuna cutarwa ba, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Ban ce duk mai maganin gargajiya maƙaryaci ne ba. Akwai dattawan da in suka ga abin ya fi ƙarfinsu za su ce maka tafi asibiti. Wanda ya ɗura maganin kemis a roba ya kira shi sirrin kakanni, shi ne ɓarawo.

Wanda ya riga ya daɗe yana shafa man nan, musamman a jiki duka ko ga yaro, kada ya yanke shi dare ɗaya, don jiki ya saba, yankewar kan tayar da ciwon da ƙarfi, wani lokaci har ta jefa mutum cikin kasala da jiri. A ɗauki robar da gorar a tafi da su asibiti, Barau Dikko a nan cikin gari ko asibitin koyarwa na Shika, a nemi ganin likitan fata, a faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da aka yi ana shafawa don ya tsara yadda za a janye a hankali. A ajiye shaidar tura kuɗi da saƙonnin murya, a kai ƙorafi ofishin NAFDAC na Kaduna tare da ragowar man. 'Yarmu tana samun sauƙi, fuskar ta saɓe, ɓawon ya ragu da maganin da aka rubuta mata, amma likitar ta gaya wa uwar cewa nankarwar sai dai ta dushe. Hotonta kuma har yanzu yana yawo a bidiyon mutumin a matsayin wadda ta warke.