Hodar mancozeb da laimar kwaɗin tsakar gidana

Tun da ruwan Agusta ya zauna a Kaduna, kusan kullum da safe sai in tarar laimar kwaɗi ta ɓullo a cikin ciyawar kiri-kirin da na dasa a tsakar gida. Farare ne, wasu sun fi tafin hannu faɗi. Da ba don autana mai shekara 2 da ke kai komai baki ba, da ko a jikina. Da na juya manyan sai na ga ƙarƙashinsu kore-kore, wato irin wadda ke sa amai da gudawa cikin 'yan sa'o'i idan aka ci.

Na garzaya shagon kayan noma, mai shagon ya miƙo mini ƙunshin hodar mancozeb, wani maganin feshi na cutar ganyen shuka, mai ruwan ɗorawa, mai ƙarfin kashi 80 cikin 100. Ya ce, "Alhaji, wannan sha yanzu magani yanzu ne." Na dama a famfon feshi mai lita 16, na fesa sau biyu, mako guda tsakani. Hodar tana damuwa ba gudaji, ba ta toshe bakin famfo, amma tana da wari, kuma sai da na hana yara taka ciyawar.

Waɗanda na fesa wa sun yanƙwane, har na fara murna. Ashe ko ba feshi, laimar kwaɗi 'yan kwanaki take yi ta ruɓe. Ana sake ruwa sababbi suka fito, a daidai inda suka saba.

Wani dattijo da ke gyara wa maƙwabcina fulawa ne ya warware mini. Bai yi dogon bayani ba, ya ce, "Ɗana, me aka taɓa sarewa a nan?" Darbejiya ce, shekara 3 da suka wuce. Ya sa diga, sai ga saiwoyinta sun ruɓe, wani farin zare kamar saƙar gizo-gizo ya lulluɓe su. Ya ce wannan zaren shi ne uwar, laimar da ke sama 'ya'ya ce kawai, kamar mangwaro a jikin bishiya. Ita kuwa mancozeb a saman ganye take tsayawa, ruwa ya wanke ta, ba ta isa inda zaren yake. Ɗanyen kashin shanun da na zuba da sunan taki ma, ya ce, abinci na ƙara masa.

Muka haƙe saiwoyin, muka huda ƙasar don ruwa ya daina kwanciya. 'Yan tsirarun da ke fitowa yanzu, tun asuba nake sa leda a hannu in tuge su kafin su buɗe, in ƙulle in jefa a shara.

Ga mai fama da laimar kwaɗi, ban ba shi shawarar sayen wannan hoda ba. Ragowar na fesa wa tumatirina da ganyensa ya fara tabo-tabo, kuma can dai tabon bai kama sababbin ganye ba.