Ƙaramar kalkuleta ko babba mai zana hoto, don lissafin tazara a fiziks?

Ƙanena, tsakanin ƙaramar kalkuletar kimiyya da babbar nan mai zana hoton jadawalin lissafi (graph) da ka tambaya, ƙaramar za ka saya. Tawa Casio fx-82MS ce, tun ina aji na farko take hannuna, rubutun maɓallin SHIFT har ya fara gogewa saboda dannawa, kuma da ita na fahimci darasin lissafin tazara.

Ina tuna daren da abin ya zauna mini. Tambayar ta ce jirgi marar matuƙi ya yi mita 30 gabas, mita 40 arewa, sannan ya tashi sama mita 120, a nemo tazarar da ke tsakanin inda ya tashi da inda ya tsaya. Na daɗe ina kallon takardar, kai ya ɗau zafi. Can sai na zana tafiyar ƙasa ita kaɗai, gabas da arewa, na ga ashe alwatika ce mai kusurwar digiri 90. Dokar Paitagoras, wadda ke fitar da dogon gefen irin wannan alwatika daga sauran gefuna biyun, ta ba ni dogon gefenta, mita 50. Sai na kafa alwatika ta biyu a tsaye a kan wannan 50 ɗin, tsayinta 120, dogon gefenta ya fito 130. Wallahi sai da na miƙe tsaye don murna. Kusurwar tashinsa daga ƙasa kuwa tan⁻¹ na 120 bisa 50 ne, digiri 67.4, kuma ya karkata daga arewa zuwa gabas da digiri 36.9.

Ka lura, zanen a takarda na yi shi. Abin da na nema wurin na'urar bai wuce √ na fitar da dogon gefe da tan⁻¹ na fitar da kusurwa ba. Daga baya na gano maɓallin Pol, wanda in ka ba shi 50 da 120 zai lissafa maka 130 da kusurwar a lokaci guda. Ina son maɓallin nan ƙwarai, amma ka bari sai hannunka ya saba da zanen tukuna.

Babbar ma na taɓa saya, ba na musun tana aiki, sai dai rabin lokacina ya tafi a neman inda aka ɓoye umarni, kuma jarrabawa da yawa ba a yarda a shiga da irinta.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da jabu. Suna manna sunan kamfani a jikin kwaikwayo, kwali tsaf, sai an yi wata biyu maɓallai su fara maƙalewa ko lambobin allo su dushe. Kada ka biya sai an buɗe maka ka danna kowane maɓalli, ka kuma karkata allon ka ga ko rubutun na nan raɗau. Wanda ya hana ka gwadawa, bar masa kayansa.

In ka kawo ta gida, fara da sin 30. In ta ba ka 0.5, tana kan digiri, ka ci gaba. In ka ga −0.988, tana kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, ka mayar da ita kan digiri kafin ka taɓa kowace tambaya.